Baƙon da Na Tarar a Bakin Kwata

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na sa gidana na Gawon Nama a kasuwa, kuma ko ni na so in manta, mutanen layinmu ba za su bari ba. Har yau in hanya ta bi da ni ta can, ƙara wa mota wuta nake yi, in kafe idona a kan titi.

Bari in fara da dalilin sayarwar, kada wani ya ce kwaɗayi ne ya kai ni. Mahaifiyata, Inna, tana zaune a Ƙofar Taramniya, a gidan da aka kai ta tun tana amarya. Ciwon ƙafa ya matsa mata, har ta kai sai an riƙe ta take zuwa alwala. Na yi juyin duniya ta dawo wurina, ta ce ita daga gidan nan sai kushewa. Ana cikin haka sai ga dama ta samu: gidan da ke manne da nata, bango ɗaya, magada suka ce za su sayar. Babbansu malami ne mai mutunci. Ya ce albarkacin Inna za su jira ni har bayan Babbar Sallah, amma in aka wuce haka ba yadda zai yi da ƙannensa, kowa na jiran rabonsa. Ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne, ba ni da abin sayen gida sai gida. Ke nan ko in sayar da nawa kafin wa'adin, ko wani ya tare kusa da Inna, ni ina can wata unguwa ina bugo waya ina tambayar ko ta ci abinci.

Gidana kuwa, ba don nawa ba ne, gida ne. Ni na tsaya a rana aka haƙa harsashinsa. Bulo mai kauri, tayil tun daga zaure har madafa, silin, tankin ruwa a sama, ga dogon yaro a tsakar gida yana zuba inuwa. A lissafina duk wanda ya shiga ba zai fito ba sai da mukulli a aljihu. Na kira wani dillali, Ɗanbaba, mai ɗan tsohon babur da zaƙin baki, na danƙa masa maganar.

Masu saye kam sun zo. Kowa ya shiga sai ya yaba, ya ƙwanƙwasa bango, ya murɗa famfo, ya ce masha Allah. Tsiyar tana farawa ne in mun fito ƙofar gida. A hannun dama akwai Shehu mai injin niƙa, wanda injinsa ke tashi tun hantsi, ba ya shiru sai an kira sallah. A hagu akwai Alhaji Ummaru mai kiwon ragunan layya, ya kafa turaku a jikin katangarsa har sun ci rabin hanya. A gabanmu gaba ɗaya kuma ga kwata, ta toshe tun ban san yaushe ba, ruwanta ya yi kore, sauro ya mai da ita garinsu. Mai saye zai tsaya, ya saurara, ya shaƙa, ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "To Malam, za mu yi shawara." (Duk wanda ya taɓa sayar da ko akuya a Sakkwato ya san irin wannan shawarar ba ta da ranar ƙarewa.)

Rannan na tare Ɗanbaba raina a ɓace.

"Wai gida nika saidawa ko raguna? Wanda kak kawo jiya ko kallon tayil bai yi ba. Tambaya ɗai shikai, wai ƙudan ga kullum hakanan suke?"

"Malam, haƙuri za ka yi," in ji shi. "Mai sayen gida da hanci shika saye, da kunne. Bango kowa na iya rushewa shi sake. Abin da ba shi iya canzawa, shi shika dubawa."

Maganar nan ta ƙona ni ƙwarai. A ce mutum ya yi shekaru yana ƙuntata wa kansa, ba riga sabuwa, ba nama sai ranar albashi, ya tara gumi ya tsayar da gida, sannan a wayi gari darajar gidan tana hannun rago? Rago fa, wanda ko sunana bai sani ba. Shehu na cika aljihu da injinsa, Alhaji Ummaru na ƙirga riba a kan turke, ni da ban ci ba ban sha ba ni ke biyan kuɗin hayaniyarsu da warinsu. In rago ya yi kuka da asuba sai in ji kamar an zare bulo ɗaya daga ginina.

Matata Luba ta ce, "Ka tahi ka same su mana. Mutane na, in ka yi musu bayani za su jiya."

Na ce Allah ya kiyaye. Ni zan je in durƙusa gaban mai injin niƙa ina roƙon ya bar ni in sayar da gumina? Ai mai hankali shi ke gane furfurar farar tunkiya. Suna gani ana shigowa da baƙi ana fita, in suna da ta ido ai sun san abin yi. Maimakon magana sai na rage musu gaisuwa, na koma ɗaga hannu daga cikin mota. (Daga baya na gane ba wanda ya ma ɗauki abin a matsayin fushi.)

Da abin ya ishe ni sai na tuna ni ɗan boko ne, kuma ƙasar nan akwai hukuma. Na shirya na tafi ofishin masu duba-gari, waɗanda aikinsu ne su zaga unguwanni su ga tsabtar kwata da bola. Na zayyana wa jami'in da na tarar komai, har da kwaikwayon ƙarar inji. Na kuma roƙe shi alfarma guda: wanda za a turo ya zo ba kayan sarki, don kada maƙwabta su hango shi su kimtsa kafin ya iso. Mutumin ya gyaɗa kai, ya ce za a turo wani ya duba. Na fito ina jin na yi maganin abin ba tare da na zubar da girmana ba.

Ba a jima ba Ɗanbaba ya zo da albishir. Wani babban ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Sambo, yana neman gidan da zai sa ɗansa da iyalinsa, kuma zai zo ranar Asabar bayan la'asar. Ya ce mutumin ba ya jan ciniki, in abu ya yi masa a take yake biya. Sallah ta matso, kukan raguna ya ƙaru, na san in wannan ya suɓuce to gidan kusa da Inna ya tafi. Na sayo fenti. Akwai wani zane da ruwan damina ya bari a bangon zaure, akwai kuma wata tsaga a ɗakin da ke jikin rumfar Shehu. Na sa aka liƙe, aka shafe, ya yi fes.

Ana saura 'yan kwanaki, da safe na fito zan tafi aiki, sai na ga wani dattijo siriri tsugune a bakin kwata. Kaftani ne a jikinsa wanda ya sha wanki, hula ta koɗe, ga silifas. Ya sami wani kara yana zura shi cikin ruwan yana auna zurfinsa. Ya miƙe, ya dubi turakun raguna, ya karkata kunne wajen injin Shehu. Wane mai hankali ne zai zo da hantsi yana tsokanar kwatar mutane in ba aikinsa ba ne? Zuciyata ta yi fari. Na kashe mota na nufe shi da fara'ar da na kwana biyu ban yi wa kowa ba a layin.

"Salamu alaikum. Malam, kai anka turo dubawa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Dubawa kam niz zo yi. Kai ad da gidan ga?"

"Ni na. Kuma ni nik kai maganar. Taho in gwada maka komi, don in ka biye ma mutanen layin ga, ɓoye maka za su yi."

To jama'a, ku yi mini adalci. Na ce dubawa, ya ce dubawa. A ina na yi kuskure? Laifin Hausa ne da ta ɗauki kalma ɗaya ta raba wa mai duba gari, da mai duba gida, da mai duba mara lafiya, har da boka.

Na fara da kwata. Na gaya masa wannan da yake gani lafiya lau take, ya bari damina ta kankama ya ga ikon Allah. Ya ce ruwan har ina yake kaiwa? Na ce ya biyo ni. Na shigar da shi zaure, na sa hannu a bango daidai gwiwata, na ce, "Nan. Bara da bokiti munka kwana muna kwarhewa. Kar ka dubi hentin ga, shekaranjiya anka shahwa shi, saboda masu saye."

"Saboda masu saye," ya maimaita a hankali.

Na ji daɗin yadda yake saurare. Rabon da in sami wanda zai tsaya ya ji kukana har na manta. Na ja shi ɗakin da ke jikin rumfar Shehu, na sa farce na kankare sabon fentin da na biya da kuɗina, na nuna masa tsagar tun daga taga har ƙasa. Na ce ya ɗora tafinsa a bangon ya ji yadda yake rawa. Ya ɗora, ya ji. Na kai shi bayan gida inda iska ke kawo warin turke, na ce ya shaƙa da kyau, kada ya ji kunya. Na ba shi labarin ƙudaje, da sauro, da ɓerayen da dusar Alhaji Ummaru ke gayyatowa. Abin da ma bai faru ba sai sau ɗaya, na mai da shi na kullum, don a cewata hukuma ba ta motsi sai an ƙara gishiri.

Shi kuwa yana ta tambayoyi. Ana samun ruwan famfo? Wuta fa? Masallaci na kusa? An taɓa haurowa gidan? Ya tsaya a tsakiyar ɗakina ya ce ina alƙibla ta dosa? Na nuna masa, ina cewa a raina ashe har yanzu akwai ma'aikata masu aiki tsakani da Allah.

Da muka fito ya ce, "To su mutanen hwa? Halinsu?"

"Hali? Mutumin da ya hwi son rago bisa ga maƙwabci, wane hali gare shi? Shi ko wancan, inji ya cinye mai kunne, ko ka yi magana ba shi jin ka. Don Allah ka matsa musu kahin Asabar. Akwai wani mai hatsi da za shi zo sayen gidan ga. In layi ya yi tsab, shi ke nan. Ka san 'yan kasuwan ga, buhu ɗai sunka sani. In ya ga tayil na walƙiya, ba shi duban ƙasa."

Ya ɗan yi murmushi. "Na jiya, na kuma gani. Allah shi sawwaƙe."

Da na tada mota na hango shi ta madubi ya nufi rumfar Shehu. Na ce madalla, an fara. A ofis ranar har shayi na saya wa mutane.

Da yamma Luba ta ce tana daga madafa ta ji mu. "Ni dai ban taɓa jin duba-garin da ka tambayar alƙibla ba."

Na ce mata ta bar aikin gwamnati ga waɗanda suka san shi.

Ranar Asabar shiru ne ya tashe ni. Hantsi ya yi, ba inji. Na leƙa waje, sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na tare a layin. Babu rago ko ɗaya, an cire turaku, an share wurin an zuba sabon yashi. An yashe kwata, an kwashe dagwalon, ruwa na tafiya abinsa. Rumfar Shehu a rufe da kwaɗo. Na koma ciki ina taku ɗai-ɗai, na ce wa Luba ta leƙa ta ga aikin biro. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Ta leƙa, ta koma madafa abinta.

Bayan la'asar Ɗanbaba ya iso ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ya gayyato Shehu da Alhaji Ummaru, tunda a al'ada ba a cinikin gida a ɓoye wa maƙwabta, su ne shaidu. Suka zo cikin fararen kaya suka zauna. Na gaishe su da irin tausayin da mai nasara ke yi wa wanda ya kayar, har na tambayi Alhaji Ummaru ya gajiya.

Can sai ga wata baƙar mota mai sheƙi ta shigo layin. Direba ya fito ya buɗe ƙofar baya. Wa zan gani? Duba-garina, cikin babbar riga ta shadda tana ƙara, da hula sabuwa, da wani saurayi a bayansa. Abu na farko da ya zo mini a rai shi ne, lalle aikin duba-gari da samu. Na biyu kuma, wannan bawan Allah ya zo karɓar godiya a ranar da ba ta dace ba. In mai saye ya iso ya tarar da shi, ko ya buɗe baki a gaban maƙwabta, na kaɗe.

Kafin kowa ya motsa na yi wuf na tare shi, na kama hannun rigarsa na ja shi gefen mota. Na laluba aljihu, na dunƙule ɗan abin goro, na cusa masa a tafi, na rufe da nawa hannun.

"Malam, aikinka ya yi kyau, Allah shi saka. Amma don Allah ka tahi yanzu. Mai hatsin nan da nig gaya maka shina bisa hanya. Mu haɗu Litinin."

Ya buɗe tafinsa, ya dubi abin da ke ciki, ya dube ni. "Wanne? Wanda buhu ɗai yas sani?"

"Shi. Yi sauri don Allah."

Daidai nan Ɗanbaba ya iso yana rusunawa har ƙasa. "Ranka shi daɗe, Alhaji, sannu da zuwa. A'a, ashe kun san juna da Malam?"

Na ji kunya a rayuwata, amma irin ta ranar ban san akwai ta ba. Hannuna na nan riƙe da hannun rigarsa, na rasa yadda ake sakin riga. Duk maganar da na yi a zaure da ɗaki da bayan gida ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, kowace da muryata. Da kwatar nan ba a yashe ta ba, wallahi da na shiga.

Alhaji Sambo ya ninke ɗan abin goron nan a tsanake ya sa a aljihu. "Wanga na karɓa," in ji shi. "Ɗan kasuwa ba shi maida alheri." (Har yau bai mayar ba.)

Aka zauna. Ɗanbaba, wanda bai san dawan garin ba, ya gyara murya ya fara waƙarsa. Gida ne na mutunci, gini ne na tsoron Allah, ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga zauren nan ba.

"Bari, Ɗanbaba," in ji Alhaji Sambo. Ya sa hannu daidai gwiwarsa. "Nan ruwa ka kaiwa. Bara da bokiti anka kwarhe. Ɗakin gabas ya tsage tun daga taga. Mai gida ya gwada min da hannunai, har henti ya kankare min."

Ɗanbaba ya juyo ya dube ni baki buɗe. A idonsa na ga la'adarsa tana tafiya.

Alhaji Ummaru ya ce, "Ikon Allah. Malam, kai da kanka? Lalle ka cika mai gaskiya."

Da Alhaji Sambo ya bar ni a nan, da na fita da riba. Amma bai bari ba.

"Gaskiya kam ya hwaɗa, sai dai ba ni yah hwaɗa ma ba. Duba-gari yaɗ ɗauke ni. Ya ce shi yak kai ƙara, in matsa muku kahin Asabar."

Wurin ya yi tsit. Ko rago ɗaya babu da zai yi kuka ya rufa mini asiri, ni na so a kwashe su.

"Duba-gari?" in ji Alhaji Ummaru. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. "Malam, mu kak kai ƙara?"



Shehu, wanda na ce inji ya cinye masa kunne, ashe ya ji komai. Ya yi magana yana kallon tabarma. "Mu dai ba wanda yaz zo muna daga hukuma. Ɗanbaba na yag gaya muna zancen Inna, ya ce yau ta damarka ta ƙarshe. Shi as sa nir ruhe inji. Alhaji ya kai raguna garkar ƙanenai. Kwata ko, ni da shi da ɗiyanmu munka yashe ta bayan asuba. Da ka yi magana tun hwarko, ai da an daɗe da yi."

Bai faɗa da zafi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da zagina ya yi, da na san inda zan kama. Mutumin da abincin gidansa ke fitowa daga injin nan ya rufe shi yini guda, a ranar da mata suka fi kawo niƙa, saboda tsohuwar da bai taɓa gani ba. Ni kuma tun safe ina yawo a tsakar gida ina yabon birona.

Alhaji Sambo ya ce shi al'adarsa ce, ba ya sayen gida sai ya zo shi kaɗai da ƙafa, cikin kayan da ba wanda zai tashi ya ba shi kujera. Ya ce ranar da ya bar wurina ya zauna da mutanen nan biyu, kowa daban, ya tambaye su halin mai gidan.

"Wanga ya ce mutumin kirki na, ba shi shiga sabgar kowa. Wancan ya ce kwanan ga ɗai yar rage hwara'a, amma a yi mai uzuri, uwatai ba ta da lahiya. Na juya su, na juya su, ban samu ko kalma guda ba."

Ya gyara zama, ya dubi ɗansa, sannan ya dubi layin daga wannan kai zuwa wancan.

"Kwata ana yashe ta, ga shi mun gani. Raguna, wuƙa na jiran su, kwana kaɗan ya rage. Inji ko, matar ɗana ta huta da tahiya nesa. Bango siminti na maganinai. Aibi guda nig gani a layin ga wanda siminti ba shi gyarawa." Ya ɗan tsaya. "Shi ko in na biya, kwashe kayanai za shi yi shi tashi. Don haka ina so."

Shehu ne ya fara dariya. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ya toshe baki da hula, abin ya fi ƙarfinsa. Alhaji Ummaru ya bi, sai Ɗanbaba da ya ga la'ada ta dawo, har direba daga cikin mota. Daga bayan ƙofar zaure kuma na ji wata dariya da na sani sarai, wadda na aura da sadakina.

Sai aka zo tayi. Abin da Alhaji Sambo ya taya bai kai inda na sa rai ba, don duk aibin da na nuna masa sai da ya cire masa haƙƙinsa. Ina da bakin cewa albarka? Ni na kankare fentin. Ina shirin sallamawa, sai Alhaji Ummaru, mutumin da na ce ya fi son rago a kan maƙwabci, ya matsa kusa da shi.

"Alhaji, ƙara mai kaɗan. Ba don shi ba, don tsohuwa. Gidan da za shi saye kusa da ita, wanga tayi ba shi kai shi."

Ya ƙara. Na ce na sallama, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba. Aka shafa fatiha, maƙwabtana suka zama shaidu, suka yi mini fatan alheri har da riƙe hannu.

Ba zan ɓoye ba, har gobe ina jin haushin Alhaji Sambo. Dattijo ya ga kana haƙa ramin da za ka faɗa, maimakon ya ce kai tsaya, sai ya tambaye ka alƙibla. Ina jin haushin Ɗanbaba da ya je ya yi abin da ya kamata ba tare da ya sanar da ni ba. Ina jin haushin Luba, don ba abin da ya kai zama da mai gaskiya wahala. Na je na ba Shehu da Alhaji Ummaru haƙuri kafin in tashi, suka ce ba komai, wallahi ba komai, kuma kowannensu na faɗa yana danne dariya.

Mun tare a Ƙofar Taramniya ana saura kwana kaɗan wa'adi ya cika. Na fasa ƙofa a bangon da ke tsakaninmu da Inna, yanzu ko tari ta yi ina ji. Na ɗauka labarin bai iso ba, tunda tsohuwa ba ta fita. Ranar farko na shiga gaishe ta, na riƙe ta ta yi alwala, na zaunar da ita. Ta daɗe tana sa mini albarka har idona ya kawo ruwa. Sannan ta jawo ni kusa ta rage murya.

"Ka ga unguwag ga, gidajenmu na da daraja tun kakanni. Don Allah ka zamna lahiya, kar ka karya muna su."

Abin da na koya dai ba shi da yawa. In za ka sayar da gida, kana iya fente bango, ka yashe kwata, ka roƙi mai inji ya huta. Amma in ka zauna lissafa abubuwan da ke rage wa unguwa daraja, kada ka fara daga gidan dama ko na hagu, fara da wanda ke tsakiya, kuma ka tabbata ka ƙirga har da mai shi.